Haƙoran ɗan Adam: sau biyu kaɗai suke tsira

Gero yana tsira kowace damina. Haƙori ba haka yake ba. Sau biyu ne kawai mutum yake samun haƙora a rayuwarshi: na farko haƙoran nono, na biyu haƙoran girma. In na biyun suka lalace, babu na uku. Shi ya sa ya kamata uwaye su san lokacin fitowar kowane haƙori.

Yadda haƙori yake

Haƙori kashi biyu ne. Akwai kai, wanda ake gani cikin baki. Akwai saiwa, wadda take ɓoye ƙarƙashin dasashi, a kafe cikin ƙashin muƙamuƙi.

Farin ɓawo ne ya rufe kan haƙori. Duk jikin mutum babu abin da ya kai ɓawon nan tauri, har ƙashi bai kai shi ba. Amma in ya ɓule ba ya toho kamar fata. Ƙarƙashin ɓawo akwai jikin haƙori, mai ɗan launin rawaya, wanda bai kai ɓawo tauri ba. Can tsakiya akwai rami mai jijiyoyi da hanyoyin jini. In ruɓa ta kai ramin nan, sai ciwo ya hana barci.

Haƙoran nono

Haƙoran nono suna fara haɗuwa tun ciki yana da mako 6. Wajen wata na 4 sai su fara tauri. Ke nan abincin mai ciki yana shiga ginin haƙoran ɗanta. Nono, wake, ƙwai, kifi da ganyen zogala suna taimaka mata.

Yawanci haƙorin farko yana fitowa in jinjiri ya kai wata 6. Biyu na gaba, na ƙasa, su ne suke farawa. Kafin yaro ya cika shekara 3, haƙoranshi sun kai 20: sama 10, ƙasa 10. A kowane muƙamuƙi akwai na gaba 4 masu gatsa, fiƙa 2 masu yaga, da matauna 4 masu niƙa.

Fitar haƙori tana sa yaro dalalar miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima. Amma ba ita take kawo zawo mai yawa ko masassara mai zafi ba. A wannan lokaci yaro yana rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Daga nan cuta take shiga. Uwar da ta ce "haƙori ne" ta zauna gida, tana iya rasa ɗanta. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Famfara

Haƙoran girma suna kwance cikin muƙamuƙi, ƙarƙashin na nono. In suna tasowa, sai saiwar na nono ta narke sannu sannu. Haƙori ya yi ta motsi har ya faɗi. Wannan ita ce famfara. Tana farawa wajen shekara 6, ta ƙare wajen shekara 12.

Kowane haƙorin nono yana tsare wa magajinshi wuri. In ya ruɓe aka cire shi tun lokaci bai yi ba, sai na kusa su matso su cike giɓin. Ranar da sabo zai fito bai samun wuri, sai ya fito a karkace.

Mataunin shekara 6

Ga inda uwaye da yawa suke ruɗewa. Wajen shekara 6, manyan matauna 4 suna fitowa can baya, bayan haƙoran nono: sama 2, ƙasa 2. Babu haƙorin da ya faɗi kafin su fito. Saboda haka sai a zaci na nono ne, a bar su su ruɓe, ana jiran wasu. Alhali su ne haƙoran girma na farko, kuma ba su da magaji.

Wasu matauna 4 suna fitowa wajen shekara 12, haƙora su zama 28. Na ƙarshe 4 suna zuwa tsakanin shekara 17 da 25. Jimla 32 ke nan. Wasu mutane na ƙarshen ba sa fito musu, kuma wannan ba cuta ba ce.

Darasin Tibiri

Haƙoran girma suna ginuwa a ɓoye shekaru da dama kafin a gan su, kuma ruwan da yaro yake sha yana shiga cikin ginin. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi a shekara ta 1985. Ruwan yana da wani sinadari da ake kira fuliyor fiye da kima. Kaɗan daga sinadarin nan yana ƙarfafa haƙori, amma mai yawa yana ɓata shi. Yaran da suka tashi da ruwan sun samu haƙora masu tabo ja, wasu har ƙasusuwansu sun lanƙwashe. In aka ga irin tabon nan ga yara da yawa a gari guda, a sanar da ma'aikatan lafiya don a auna ruwan.

Abin da za a yi

A fara goge haƙorin yaro tun ranar da ya fito, da tsumma mai tsabta. In ya yi wayo a koya mishi asawaki ko burushi, safe da dare. A rage mishi alawa da shayi mai sukari. Uwa ta dinga duba bakin ɗanta cikin haske, har can baya. In ta ga baƙin tabo ko rami, a tafi gidan likita tun ciwo bai fara ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Haƙoran nono 20 ne, na girma 32. Nawa ne bambancinsu?
2. Wane haƙorin girma ne yake fitowa ba tare da wani ya faɗi ba?
3. Jinjiri mai wata 8 yana zawo, kakarshi ta ce haƙori ne. Me ya kamata uwar ta yi?