Sabon Sahhan, Ruwa Ba Zafi: Nasiha Ga 'Yan'uwa Mazauna Makka

Kowace shekara, idan watan Disamba ya kama, sanyin asuba ya fara ratsa riga, har mutanen Makka da suka yi wata tara suna kukan zafi suka soma laluben mayafi, to a lokacin nan ne ƙararrakin da akan kawo mini, ni da na daɗe ina sana'ar haɗa famfo tsakanin Hindawiyya da Misfala da Shari' Mansur, sukan taru su zama ƙara guda: an sayi sabon injin ɗumama ruwa, wanda a gida muke ce wa hita, a nan kuma sahhan, an biya mai haɗawa haƙƙinsa, amma da maigida ya buɗe famfo domin alwalar asuba sai ruwan ya zubo ɗumi-ɗumi, shi ba zafi ba, shi ba sanyi ba. Abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne an ha'ince shi a kanti. Ni kuwa, bisa ga abin da idona ya gani a gidajen mutane, ina shaida cewa galibi injin ba shi da laifi, illar tana ga yadda aka haɗa shi ko yadda ake amfani da shi.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Turkiyya akwai wata tukunyar gas da ake kira kombi, wadda ke ɗumama ɗakuna ta kuma ba da ruwan wanka, ba ta ajiye ruwa a cikinta, sai dai ta ɗumama shi yayin da yake wucewa. Mu a Makka ba mu da bukatar ɗumama ɗaki, saboda haka da wuya ka ga irinta, amma ƙanwarta ta shigo gidajenmu, wato ɗan ƙaramin sahhan na nan take da ake liƙawa a bangon makewayi, kuma ɗabi'arsu ɗaya, ciwonsu ma ɗaya.

Sirrin al'amarin yana cikin wani ɗan lissafi wanda, da masu saye sun san shi, da an huta da rabin jayayya. Wanda ya gitta yatsansa ta cikin harshen kyandir da sauri ba ya ƙonewa, wanda ya dakata kuwa ya ji a jikinsa. Haka ruwa yake a cikin wannan inji, gwargwadon saurin wucewarsa gwargwadon ƙarancin zafin da zai ɗauka. Inji mai kilowat 6, idan lita 6 ke ratsa shi a minti ɗaya, abin da zai ƙara wa ruwan bai wuce digiri 14 ba. Idan aka rage gudun ya koma lita 4, sai ƙarin ya kai kusan digiri 21. Idan kuwa aka ware famfo har lita 12, to digiri 7 ne kacal. A watannin zafi, lokacin da rana ke dafa tankin da ke bisa rufin soro har mutane kan kashe sahhan mai ajiyar ruwa su mai da shi ma'ajiyar ruwan sanyi, ba wanda zai lura da wannan gazawa. Amma a daren hunturu, ruwan tanki ya kwana a sarari ya sauko da asuba wajen digiri 20, aka ƙara masa 14, ya zama 34, alhali jikin ɗan Adam ba ya kiran ruwa mai zafi sai ya doshi 40. Abin mamaki kuma, dinamon da mutane ke sawa don ƙara ƙarfin ruwa shi ne yakan tsananta matsalar, domin yana kora ruwan ya wuce kafin ya ɗauki zafi. Saboda haka gwajin farko ba ya bukatar ko sisi: a rage famfo zuwa rabi, a jira minti ɗaya, a sa hannu. In zafi ya ƙaru, inji lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne bai kai bukatar gidan ba.

Sababi na biyu ya fi ɓuya, kuma ya fi yawa a tsofaffin gidajen unguwanninmu. Wani dattijo a Hindawiyya, wanda 'ya'yansa suka saya masa babban sahhan mai lita 80, ya aiko a kira ni bayan ya yi mako biyu yana haƙuri. Na tarar da shi zaune a kan darduma da buta a gefe, an dafa masa ruwa a risho kamar yadda ake yi tun zamanin iyayenmu. Ya ce, "Ɗana, fitilarsa tana ci dare da rana, amma ruwan kamar wanda aka ajiye a inuwa." Na ce, "Baba, a yi mini izini in duba wutar kafin in taɓa bututu." Da na ɗora ma'auni a kan wayar, sai ga bolt 127, alhali a jikin injin an rubuta 220. Daɗaɗɗun gine-ginen ƙasar nan an ja musu wuta iri biyu, mai bolt 127 da mai 220, kuma ko da yake tun 2010 hukuma ta yanke shawarar a koma 230 sannu a hankali, har yanzu tsohon layin yana nan a bangaye da yawa. Injin da aka yi domin 220, in aka ba shi 127, sulusin ƙarfinsa kawai yake bayarwa. Aikin da zai gama cikin sa'a biyu da rabi sai ya kai sa'a bakwai da rabi, kuma a gidan da mutum goma ke alwala da wanka, ba zai taɓa cim ma bukata ba. Aka kira mai aikin lantarki ya ja layin da ya dace, kafin la'asar dattijon ya yi alwala da ruwan famfonsa.

Akwai kuma gaurayar ɓoye, wato ruwan sanyi ya saci hanya ya shiga bututun zafi ta cikin famfon gauraya da ya lalace. Gane ta ba wuya: a rufe makullin da ke shigar da ruwa cikin sahhan, a buɗe famfon zafi, in ruwa ya tsaya, babu gauraya, in ya ci gaba da zuba, to daga wani wuri yake satowa. Sau da yawa kuma nakan tarar an juya bututu, an sa na shiga a mafita, alhali masana'anta ta yi alama da shuɗi da ja. Ko kuwa yashi da ɓarɓashin aikin gini sun toshe 'yar rariyar da ke bakin injin, har ruwan ya gaza tayar da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a haƙiƙa, shi ne irin maganin da mutane ke yi wa kansu. Wani ya murɗa ma'aunin zafi har ƙarshe, ranar da aka gyara ainihin illar sai tafasasshen ruwa ya zubo a hannun yaro. Digiri 60 ya wadatar ga sahhan mai ajiya, kuma ko shi sai an surka. Wani ya ga bawul ɗin kariya yana ɗiga sai ya toshe shi, bai san cewa ɗigar nan ita ce numfashin tukunyar ba, in ma'aunin zafi ya mutu kuma babu mafita, tukunya takan fashe ta rushe bango. Wani ya sa sahhan mai aiki da gas a cikin makewayi marar taga, hayaƙinsa kuwa ba shi da wari, yakan kwantar da mutum ba tare da ya farga ba. Wannan duka ganganci ne da rai, rai kuwa amana ce.

Sa'an nan a tuna cewa ruwan da ake sakewa yana zuba minti biyar ana jiran ya yi zafi, daga tekun Bahar Maliya aka tace shi a Shu'aiba, aka turo shi ta bututu zuwa wannan kwari na Makka da Zubaida, matar Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa kafin ta jawo masa ruwa, kuma shari'a ta hana israfi ko da a cikin alwala ne. Ina roƙon 'yan'uwa, kafin ku sayi sahhan ku ƙirga mutanen gidanku, ku sa a auna wutar bangonku, kada kuma ku sallami mai haɗawa sai ya nuna muku wayar ƙasa da bawul ɗin kariya, ya buɗe famfo a gabanku kun sa hannu kun ji zafin da kanku.