Darasi na 9: Bitrus a Bakin Wuta

Karatu: Yohanna 18:15-27, 21:1-19
Ayar haddacewa: 1 Yohanna 1:9

Sau biyu Yohanna ya ambaci wutar gawayi cikin Bishararsa. Ta fari tana gidan babban firist, inda Bitrus ya tsaya jin ɗumi daren da aka kama Yesu. A daren nan ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, shi da ya ce zai ba da ransa dominsa.

Ta biyu tana bakin Tekun Tibariya, bayan tashin Yesu daga matattu. Bitrus ya koma su, ya kwana bai kama kome ba. Da asuba sai ga Yesu a gaci, da kifi bisa wuta, da gurasa. Ku lura, 'yan'uwa, Yesu ne ya zo nemansa, ya kuma ciyad da shi tun bai tambaye shi kome ba. Wannan shi ne alheri, gama kyauta ce ga wanda bai cancanta ba.

Sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musun, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Gafarar Allah takan mai da mai tuba bakin aiki. Ran Fentikos Bitrus ɗin nan ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Tambayoyi
1. Yahuza ma ya yi nadama (Matta 27:3-5). Me ya bambanta shi da Bitrus?
2. Ɗan'uwan da ya faɗi ya tuba, yaya ikilisiyarmu take karɓarsa?