Darasi: Saƙon Lafiya a Wayar Salula

Mazauna sansani, saƙon tes na ma'aikatan lafiya gajere ne, amma yakan ceci rai. Da damina, idan amai da gudawa suka ɓulla, saƙon zai tuna muku haɗin ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shayar da majiyyaci, a kai shi asibiti nan take.

Ku kiyaye abu 3:

1. Kada ku goge saƙon. Ku karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba.
2. In ba ku gane ba, ku tambayi ma'aikacin lafiya kafin ku tura wa wani.
3. Taimakon hukumar UNHCR kyauta ne. Saƙon da ya nemi kuɗi na 'yan damfara ne.