Deksa Ba Maganin Ƙiba Ba Ne

'Yar'uwa, a kasuwannin Madawa, Buza da Keita ana tallar ƙwayar deksametazon don a yi ƙiba. Kumatu su ciko, a ce an murje, alhali kumburi ne. Tana raunana garkuwar jiki, tana tada sukari da hawan jini, ga mai juna biyu kuwa abin ya fi muni.

In kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya. Ki faɗa wa ungozoma wurin awo, likita ya rage miki a hankali.

Kaluluwa mai tauri a wuya ko hammata, ba zafi, ta wuce sati uku? Ki je asibiti kafin ki haɗiyi komai. Deksa na iya sa ta sace, tarin fuka ko sankara kuwa suna nan.