Kowane Baka Da Kibiyarsa

A hutun da ya wuce na fasa bakan kakana. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci gwani ne ke magana. Wanda ya faɗa rami ne ya fito, ya zo ya nuna wa 'yan'uwansa ɗalibai inda ramin ya ke.

Bakan nan na icen dargaza ne, tsirkiyarsa ta murɗaɗɗiyar fata. Tun ina makarantar mishan a ƙauyenmu na ke ganinsa rataye a ɗakin tsohon, tare da kwarinsa. Da ya rasu aka ba ni, na taho da shi Bauchi. Kiban da ke cikin kwarin na kyauro ne, amma da sauran dafi a bakinsu, don haka ban yarda na taɓa su ba. Sai wani abokina ya nuna mini waɗansu kibau a intanet, irin na kabon. Na tattara kuɗin guzurina na wata biyu na sa aka kawo mini guda shida.

Kabon ɗin nan asalinsa ɗaya da gawayi, sai dai ana jan sa ya zama zare siriri, a haɗa zaren da danƙo, a naɗe shi ya zama bututu. A cikin shekarun 1980 aka fara yawaita yin kibau da shi a Turai da Amurka. Ba shi da nauyi, ba ya kuma karkacewa don damina ko hunturu kamar kara. Nawa tsawonsu inci 31, da fika-fikan roba a gindi, an rubuta 400 a jikin kowace. Ban kula da wannan lamba ba, na ɗauka ta 'yan kasuwa ce.

Na cika buhu da ƙaiƙayi, na jingina shi da wani tudu can bayan filin ƙwallo inda ba mai wucewa, na ja da baya taki goma sha biyar. Ta farko ta bi hagun buhu. Ta biyu ma haka, tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ina kuwa jin gindinta yana bugun mariƙin baka. Na ce a raina, lalle ja ne bai isa ba. Da ya ke kibiyar doguwa ce, ba abin da ya tsai da hannuna. Na ja har tsirkiya ta kai kunnena, sai na ji ƙas! Na duba, ga tsaga a bayan baka, tsawon ɗan yatsa.

Masu ba da tarihin garin nan sun ce sunan Bauchi daga wani maharbi ya fito, Baushe, wanda ya nuna wa Yakubu wurin da ya kafa birni a 1809. To, har yanzu garin bai rasa maharba ba. Aka kwatanta mini wani tsoho a wajen Ƙofar Wunti, na kai masa baka da kiban duka. Bai ce kome ba tukuna. Ya ɗauki kibiyar kabon ya tanƙwara ta da hannu biyu. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya yana neman inda za ta tsaya daidai. Sa'an nan ya jera ta da ta kyauro, tawa ta fi ta da inci biyar.

Ya ce, "Malam, wa ya haɗa ka da wannan?"

Na ce, "Baba, ai ta Turawa ce, ta fi kyauro ƙarfi."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙarfin ne laifinta. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wannan ta bakan ƙato ce. Kakanka kuwa ya yanke kibansa daidai inda bakansa ke so a tsaya. In ƙarfe ya taɓa yatsarka, ka san ja ya ƙare. Kai ka kawo doguwa, ka kai icen inda bai taɓa zuwa ba, ga shi ya tsufa ya bushe."

Na koma kwaleji da kunya, na shiga bincike. Abin da na samu shi ne na ke so in shimfiɗa a nan, gama darasin kimiyya ne sosai, irin wanda malami zai iya koyarwa da ƙusa biyu da katako.

Ku ɗana kibiya a baka irin namu ku duba da kyau. Tsirkiya tana tsakiyar baka, gindin kibiya yana kanta. Amma gaban kibiya yana kwance a gefen mariƙi, domin ice ya tare hanya. Watau kibiyar tana kallon gefe, ba ta kallon abin da a ke bara. Duk da haka gwani yakan saki ta tafi sak. Yaya a ke ciki? Wani malamin makaranta a Amurka, E. J. Rendtorff, ya raɗa wa wannan abu suna a 1913, ma'anar sunan da Hausa ita ce "abin ɗaure kan maharbi". A cikin shekarun 1930 wani masani, Clarence Hickman, ya ɗauki hoton fitar kibiya da na'ura mai saurin gaske, aka ga abin da ido ba ya iya gani. Ashe kibiya ba a miƙe ta ke fita ba. Sa'ad da aka saki, tsirkiya takan tunkuɗo gindi farat ɗaya, ƙarfen kai kuwa da nauyinsa yana nawar tashi. Karan da ke tsakaninsu sai ya lanƙwashe, ya komo, ya sake lanƙwashewa ɗaya gefen, kamar kifi cikin ruwa. Da wannan lanƙwasa ta ke kewaye mariƙi.

To, ga inda aikin ya ke. Dole lanƙwasar ta zo daidai da lokacin da gindi zai wuce mariƙi. In karan ya cika tsauri bai lanƙwashe yadda ya kamata ba, kibiya takan gudu ta gefen da ta ke kwance. Ni ina ɗora tawa a hagun baka, shi ya sa ta yi ta bin hagu. Wanda ke ɗorawa a dama zai ga tasa ta bi dama. In kuwa karan ya cika laushi, sai ta zarce ta bi ɗaya gefen. Bakunan zamani na masu gasa an fafe mariƙinsu, an yi wa kibiya taga kusa da tsakiya, saboda haka ba su bukatar lanƙwasa mai yawa. Namu mariƙinsa mulmulalle ne, kibiya tana da kwana babba da za ta sha. Wanda ya bi jadawalin masu sayarwa ido rufe zai sayo wadda ta fi ƙarfin bakansa, gama yawancin jadawalin don waɗancan bakuna aka tsara shi.

Yanzu sai lambar nan da na raina. Ga yadda masu ƙera kibau ke samun ta. Su ɗora kara a kan matokarai biyu masu nisan inci 28, watau santimita 71. Su rataya nauyin giram 880 a tsakiya, su auna yadda ya lotsa. In ya lotsa rabin inci su rubuta 500, domin inci ɗaya sun kasa shi dubu. Mai 400 ta lotsa wajen milimita 10 ke nan, mai 700 kuwa wajen milimita 18. Ku lura, lamba tana girma, tsauri yana raguwa. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, su zaci 700 ta fi 400 ƙarfi.

Amma lamba kaɗai ba ta gama magana. Ita ta kara ce yana kwance a bisa ƙusa. Halin kibiya a bakin baka ya rataya ga abu uku kuma: ƙarfin bakan, da tsawon karan, da nauyin ƙarfen kai.

Ƙarfin baka da sauƙin aunawa. Tsohon ya sassaƙa mini sabo, gwargwadon na kakana. Na aro sikeli mai ƙugiya irin na masu awon hatsi, na saƙala mariƙi a turke, na sa ƙugiya a tsirkiya na ja har inci 24, inda zan riƙa tsayawa. Ya nuna kilo 16, wajen laba 35 ke nan. A daidai jan da mutum ke yi a ke aunawa, domin kowane inci da aka ƙara, ƙarfi yana ƙaruwa.

Batun tsawo shi ya fi ba ni mamaki. Da farko na yi niyyar in yanke kiban kabon su zo daidai da na kyauro, in huta. Allah ya sa na fara yin lissafi. Lotsawar kara ba ta bin tsawo ɗaya bisa ɗaya. In ka rage nisan matokarai ya koma rabi, lotsawa takan koma ɗaya bisa takwas, watau rabi sau rabi sau rabi. Daga inci 28 zuwa 24 an rage kashi ɗaya cikin bakwai kaɗai, amma lotsawa ta koma wajen 63 cikin ɗari. Karan nan mai 400 zai lotsa kwatan inci tak. Da na yanke, da na mai da su ƙusoshi, ba kuwa a mai da abin da aka yanke. Masu kiban ice a Ingila da Amurka suna ƙiyasta inci ɗaya na tsawo da laba 5 na ƙarfin baka. Saboda haka mai baka irin namu gara ya bar kibiyar kabon da tsawonta, ya naɗa zare a daidai inda jansa ya ƙare, ya zama masa ƙarfen da ke taɓa yatsa.

Nauyin kai kuwa da giren a ke auna shi. Giren 7000 ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Kawunan da aka fi sayarwa su ne na giren 100 da na 125, watau giram 6 da rabi, da giram 8. Duk sa'ad da kai ya ƙara nauyi, nawarsa takan ƙaru, kara ya ƙara lanƙwashewa. Ashe ƙara nauyin kai daidai ya ke da tausasa kara. Na gwada. Na sa wani maƙeri ya yi mini kai mai giram 13, ninkin na da. Kibiyar ta matso har ta kama gefen buhu. Na ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma nisa tsakanin 400 da bakan laba 35 ya wuce abin da kai zai gyara. Magani ne na ƙaramin ciwo.

Akwai wani abu da tsohon ya yi wanda sai daga baya na gane shi, watau ɗora kibiya a yatsa. Kiban kakana, da duk na maharban da na gani, ba su da gashin tsuntsu a gindi ko ɗaya. Abin da ke miƙar da su shi ne nauyin da ke gaba. Na auna wata sabuwa marar dafi da tsohon ya ba ni, ta tsaya a yatsa wajen sulusin tsawonta daga kai. Masu sana'ar kibau a Amurka sukan so wurin tsayawar ya wuce tsakiya da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsawon kibiyar farauta, ta tsohon ma ta ɗan haura haka. Abin dariya, in Bature yana so ya san gaskiyar kibiyarsa sai ya tuɓe mata gashi ya harba ta tsirara daga kusa, domin gashi yana rufe aibi. Maharbanmu kullum a cikin wannan jarrabawa su ke. Wadda ba ta dace da baka ba, ranar farko za ta tona kanta, a cire ta daga kwari. Wanda ya sa tasa a hagu, in ya harba tsirara ya ga ta kafe a hagu gindinta ya karkata dama, tsauri ya yi yawa. In ta kafe a dama gindi ya karkata hagu, laushi ne.

Sauran abu biyu, na tsaron lafiya. Kibiya marar nauyi ba ta kwashe ƙarfin baka duka, ragowar a jikin icen ya ke ƙarewa, kusan kamar an saki tsirkiya ba kibiya, abin da ke karya baka nan take. Masu bakunan ice sukan nemi wajen giren 10 ga kowace laba. Nawa na laba 35 yana son giren 350, giram 23 ke nan. A nan kibaina ba su yi laifi ba, sun kai. Na biyu, kabon ba ya karyewa kamar kara. Yakan tsage a ɓoye, ranar da ya fashe a bakin baka sai tsinkayensa su shige hannun da ke riƙe da mariƙi. Kafin kowane harbi a tanƙwara shi kusa da kunne, a murza. In an ji ƙara ko kaɗan, a karya shi a binne, kada yaro ya tsinta.

A ƙarshe na sami mai babban baka na sayar masa da biyar, na sayo uku masu 700, tsawon inci 29, da kai na giren 125. Na tuɓe ɗaya na harba daga taki goma, ta shiga buhu a miƙe, ban kuma ji bugun mariƙi ba.

Da aka tura ni gwajin koyarwa, na buga ƙusa biyu a katako, na cika kwalba da yashi har giram 880, na kai aji. Yara suka kawo karan dawa da gamba da tsinken gora. Kwalbar ta karya na farko, muka rage yashin, muka matso da ƙusoshi, suka yi ta aunawa da rula suna rubutawa. Wani yaro a baya, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba, shi ya fara lura cewa kara ɗaya yana lotsawa dabam in an juya shi ta wani gefe. Ubansa maharbi ne.

Katakon yana ɗakin kimiyya, da kibiyar 400 guda da na rage don kwatanci. Mai son gani ya same ni ran Asabar bayan la'asar. Bakan kakana kuwa tsohon ya naɗe tsagar da ɗanyar fata, ya ce in rataye shi, kada in sake ɗame masa tsirkiya.