Jariri a Gidan Raino: Abin da Ya Kamata a Kiyaye a Damagaram

A birnin Damagaram, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti kan koma bakin aiki jaririnta bai wuce wata biyu ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mai haihuwa hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, wato ana gama wankan jego da ƴan kwanaki hutu ya ƙare. A manyan gidajen unguwannin Birni da Zango akwai kaka, akwai goggo, jariri ba ya rasa bayan da zai hau. Ma'auratan da ke zaune su kaɗai a gidan haya ba su da wannan gatan, dole su nemi gidan raino. Matsala tana tasowa ne idan aka tara jarirai goma a ɗaki ɗaya hannun mace guda, ana yi musu kallon yaran da suka iya tafiya da magana.

Abin dubawa na farko shi ne yawan hannu. A Ingila, ƙa'ida ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara uku ƴan ƙasa da shekara biyu ba, kuma wannan ma'auni ne da ya dace da ko'ina. Ya kamata kowane jariri ya kasance da mace ɗaya da ya saba da ita, wadda ta san kukansa na yunwa da na barci. Sauya masa hannu kullum yana hana shi natsuwa, yana kuma sa a kasa gane ranar da ya tashi ba lafiya.

Sai batun ci, wanda a nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40, mai raino ta ga leɓen yaro ya bushe, tausayi ya sa ta ɗura masa ruwa. Kafin wata shida jariri ba ya buƙatar ruwa, ko bauri, ko jiƙo, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Ruwan da aka ba shi yana cika masa ciki ya rage tsotso, kuma a garin da ƙarancin ruwa ya sa ake ajiye shi kwanaki a jarka, ta nan gudawa take shiga. Abin yi shi ne uwa ta tatsi nono cikin kofi mai murfi da aka wanke da sabulu, a rubuta sunan yaro da lokacin tatsa. A ɗaki mai sanyi nonon yana kai awa huɗu, amma da bazara sai an sa shi a firiji ko a kula mai ƙanƙara. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, don kwalbar shayarwa tana da wuyar wankewa. Doka ta kuma ba uwa awa ɗaya a kowace ranar aiki don shayarwa har yaro ya shekara, saboda haka gidan raino na kusa da wurin aiki ya fi na nesa ko da na nesan ya fi ƙawa.

Daga wata shida ake fara kunun gero mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali, a haɗa da ƙuli-ƙuli, garin wake, zogale ko ƙwai, nono kuma ya ci gaba. Ba a ba da zuma kafin shekara ɗaya.

Ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne ta hanyar mu'amala. Yaron da aka ciyar aka wanke, aka bar shi kan katifa yini guda yana kallon rufin ɗaki, an tauye shi. Idan ya yi gwaranci a amsa masa, a kira sunansa, a yi masa tawai da waƙa lokacin sauya tsumma. Goyo yana kwantar masa da hankali, sai dai jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce kada a ɗaure shi fiye da awa ɗaya a jere, kuma kada a nuna masa waya ko talabijin kafin shekara ɗaya. A shimfiɗa tabarma mai tsabta, a kwantar da shi rub da ciki yana farke ana kallonsa, kamar minti 30 a rarrabe cikin yini, da ludayi ko ƙoƙo a gabansa ya miƙa hannu. Barci kuwa a rigingine ake yinsa, cikin gidan sauro, ba matashin kai. Yaron da ya kai wata tara bai zauna da kansa ba, ko ba ya waiwayar sauti, a kai shi a duba.

Kafin a karɓi jariri a ga katin rigakafinsa: allurar mako 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata tara. Da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, a tabbata ɗan wata uku zuwa sama ya sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata. A garin Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata awon damtse da igiya mai launi uku, kuma mai raino za ta iya koyonsa cikin ƙanƙanin lokaci. Daga wata shida, ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ƙin kama nono, zazzaɓi, numfashi da sauri, jijjiga ko faɗawar maɗiga ba sa jiran tashi daga aiki. A kira uwa nan take, a wuce asibiti mafi kusa da katin yaron a hannu.