Amsoshin Tambayoyinku: Rawar Agogo da Na'urar DAC

Mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya ko matsalar da ake kira jitter ce ke ɓata masa sautin kwamfuta.

To Malam, a faifan CD ana yanka sauti gida 44,100 kowace daƙiƙa, kuma dole kowane yanki ya fito kan lokacinsa. In agogon na'urar da ke fitar da sautin ya yi rawa, sautin ya gurɓata; wannan shi ne jitter. Amma a na'urorin yanzu da wuya kunne ya kama wannan. Idan kana jin tsuwwa in ka jona caja, hayaniyar lantarki ce.

In za ka sayi DAC ta USB, wato na'urar da ke mayar da lambobin kwamfuta sauti, nemi mai aiki da agogonta, kada ta dogara da na kwamfuta. Ka gwada da lasifikarka kafin ka biya.